Taku Arba'in da Ɗaya Daga Bakin Rami

Malama Firisila ba ta iya ɓoye fushi ba, kuma duk makarantar an san haka. In ranta ya ɓaci, alli ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa, don kafin ta gama rubuta kalma ɗaya ya karye gida biyu. A makon da abin nan ya faru, kwalin alli guda ta ƙarar cikin kwana huɗu.

Labarin ƙasa take koyarwa a aji biyu na ƙaramar sakandare, a wata makarantar al'umma da ke bayan Bukuru, daidai inda gidaje suka ƙare tsofaffin kududdufan kuza suka fara. Shekararta goma sha ɗaya a wurin. Darasin wannan zangon shi ne mutum da muhallinsa. Littafin da aka ba ta ya cika shafi shida da hotunan hamada da duwatsun ƙanƙara, amma bai ce uffan ba a kan ramukan da yaran nan ke tsallakewa kullum kafin su iso aji. Sai ta rufe shi ta tura cikin aljihun tebur, ta raba wa yara kwali, ta ce kowa ya zana mata taswirar makaranta da abin da ke kewaye da ita. Babu wani ma'auni sai ƙafa. Ka ƙirga takunka daga nan zuwa can, ka rubuta.

Yara hamsin da biyu suka kawo taswira hamsin da biyu. Mafi yawansu filin ƙwallo suka zana ya cinye rabin kwali, sai rumfar mai awara da aka ba ta girma kamar kasuwar Bukuru. Firisila tana dubawa tana murmushi har ta iso kan ta Salma, wata siririyar yarinya mai farin hijabi da ke zama a bencin ƙarshe, jikin bango. A nan murmushin ya ɗauke.

Bayan shingen ƙerana na makarantar akwai ramin loto, irin ramin kuzar nan da ake haƙawa a tsaye kamar rijiya, in an iske jijiyar kuza a ƙasa sai a kwanta a bi ta a kaikaice duk inda ta nufa. Mahaifin Salma, Malam Shu'aibu, yana cikin masu shiga ramin, kuma ita ke kai masa abinci in an tashi daga makaranta. Salma ta zana bakin ramin, ta rubuta taku arba'in da ɗaya daga nan zuwa bangon bayan ajinsu. Wannan bai ishe ta ba. Akwai tiyon da injin jan ruwa ke zuƙo ruwa da shi daga can ƙarshen ramin, kuma ranar da aka fito da shi don gyara, ta bi shi da ƙafa. Guda huɗu ne a haɗe, kowanne taku goma sha biyar. Ta cire zurfin ramin, wanda ta auna da igiyar bokiti, ta cire ɗan abin da ke kwance a waje. Taku arba'in da biyar ya rage. A ƙasan kwalin ta yi rubutu ƙanana da fensir: "Ma, in wajen makaranta suka bi, sun wuce bango."

Firisila ta karanta sau uku. Daga nan ta tashi ta nufi bayan aji, ta sa yara suka ja benci. Tsagewar da ke daɓen, wadda tun farkon damina take ganinta tana ɗora laifin a kan birkilan da ya ci siminti, yanzu biro na shiga cikinta har rabi. Ta ce kowa ya yi shiru. Ta ajiye gorar ruwanta a ƙasa ta tsura mata ido. Ruwan yana rawa, ya tsaya, ya sake rawa.

Ranar a gindin mangwaro aka ƙarasa darasi.

Shugaban makarantar, Mista Rwang, mutum ne mai son takalminsa ya riƙa ƙyalli da son a ce masa oga. Ba mugu ba ne a yadda ake nufin mugu. Tsoronsa ne ya fi shi girma, kuma abin da ya fi tsoro a duniya shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, wanda ya yi wa ofishin malamai sabon rufin kwano bara, wanda kuma filin loton nan nasa ne. Firisila ta shimfiɗa wa Rwang kwalin a kan tebur, ya dube shi kamar an kawo masa hoton da jikarsa ta zana.

"Madam, wannan ai aikin yara ne," ya ce. "Na yi magana da ciyaman tun tuni. Ya ce wajen rafi suka nufa, ba wajenmu ba."

"Ya taɓa shiga ramin?"

"Wa?"

"Ciyaman. Da wannan tumbin nasa, ya taɓa shiga ya ga inda suka nufa?"

"Madam, abeg, ki iya bakinki."

"Oga, taso mu je ka ga daɓen da idonka. Taku ashirin ne daga nan."

Bai taso ba. Ya ce zai duba, ya ce zai kira birkila, ya ce gini ne tun na zamanin Turawan kuza kuma bai taɓa faɗuwa ba. Ta ce masa kafin gini ya faɗi ai duk bai taɓa faɗuwa ba. Ya ce yana da taro.

Litinin ke nan. Talata ta koma, ya ce mata maganar tana hannu. Laraba ta koma, ta tarar ya sa an ciro taswirar Salma daga bangon aji inda ta manna ta, an naɗe ta an cusa a bayan kabad ɗinsa. Jami'an duba makarantu za su zo ranar Juma'a, in ji shi, kuma ba zai yarda su tarar da yara hamsin a gindin bishiya kamar awaki ba, ko su ga wata takarda da za ta sa a rufe masa makaranta.

"Gobe kowa ya koma aji," ya ce. "Umarni ne. In kin ƙi, zan ba ki takardan tuhuma, kuma kin san abin da ke biyo baya."

Ta san abin da ke biyo baya. Tana da 'ya'ya uku da miji wanda ƙafarsa ta hana shi tuƙi tun bara. Ta fito daga ofishin idonta jajir, ta tsaya a baranda tana kallon ajin. Abin da ya fi cin ranta ba Rwang ba ne shi kaɗai. Malamai goma sha huɗu ne a makarantar ban da ita, kowannensu ya zo a ɓoye ya leƙa tsagewar, kowannensu ya riƙe baki ya ce Allah ya kiyaye, kuma ko ɗaya bai bi ta ofishin ba. Malamin lissafi ma cewa ya yi lissafin yarinyar daidai ne, amma kada ta ce shi ya faɗa. Ta ji kamar ta kama shi ta girgiza.

Kakanta a ramin Turawa ya ƙare, wani gefen ƙasa ya rufto musu su shida, kamfani ya aiko wa kakarta da bargo. Ƙanen mijinta a kududdufi ya nutse yana ɗan shekara tara, don ba wanda ya gaya masa cewa waɗannan ruwaye ba su da gaɓa, daga taku ɗaya sai zurfin bene. Duk gidan da ka shiga a unguwar nan akwai irin wannan labarin. Ana binne mutum a yi kuka, a ce ƙaddara, a koma. Ita kuma ga ta da alli a hannu, ana biyan ta don ta koya wa jikokinsu yadda raƙumi ke jure ƙishirwa.

Ranar Alhamis da safe aka wayi gari da yayyafi. Bayan an tashi daga layi, Rwang da kansa ya tsaya da bulala a hannu yana kora 'yan aji biyu ciki. Firisila ta shiga gabansu, ta sa aka tattaro duk bencin da ya jawu aka matso gaba, yara suka cunkushe biyar-biyar, aka bar bayan aji ba kowa. Wannan ne iyakar abin da ta iya, kuma ta san bai isa ba. Ta juya ta rubuta kwanan wata a allo, alli ya karye.

Ba ta kai ga ɗaukar wani ba sai ga hayaniya a baranda. Wani mutum ne dogo, busasshe, jar laka ta bushe masa tun daga ƙafa har gwiwa, fitila ɗaure a goshinsa bai ko tuna ya cire ba. Salma na ganinsa ta sunkuyar da kai.

"Ina Malamar?" ya ce. "Ke ce?"

"Ni ce. Baban Salma ne?"

"Ni ne Shu'aibu. Malama, me na yi miki? Na kawo 'yata ki koya mata karatu, ko na kawo ta ki mai da ita 'yar leƙen asiri? Yau da asuba mai fili ya ce in fito daga rami, wai daga gidana aka kai ƙararsa. Shekara ashirin ina wannan aiki ba a taɓa kora ta ba. Me za su ci? Kwalin za su ci?"

Muryarsa ta cika ajin. Rwang ya ƙaraso da sauri, ya tsaya a bakin ƙofa, fuskarsa har da ɗan annuri, don ga wanda zai yi masa aikin da ya kasa.

"Kin gani ko, Madam?" ya ce. "Kin ga abin da kika jawo wa bawan Allah?"

Firisila ba ta ko dube shi ba. Ta danne fushin kwana huɗu, don ta san ba ita ce ainihin damuwar mutumin ba.

"Malam Shu'aibu, ba wanda ya kai ƙarar kowa. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ina raminku ya nufa?"

"Wajen rafi."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani. Da muka kwanta, rafi muka sa a gaba."

"Kun tafi a miƙe har yau?"

A ƙarƙashin ƙasa babu gabas babu yamma. Mutum na kwance a kan cikinsa, fitila na haska masa abin da bai wuce tsawon hannu ba, kuza ce ke ja shi kuma ba ya tambayarta ina za ta. Duk mai shiga loto ya san haka, amma ba mai faɗa.

"Mun iske dutse," ya ce a hankali. "Wata biyu ke nan. Muka kauce masa ta hagu. Jijiyar ma hagu ta yi."

"Kun dawo dama daga baya?"

Ya kau da kai.

"Zo," ta ce.

Ta wuce gaba ya bi ta har bayan aji. Benci ɗaya ne ya rage a can, wanda ƙafarsa ta maƙale a tsagewar aka kasa ja. Ta nuna masa daɓen. Ya duba, ya taɓe baki, ya ce siminti ne marar kyau. Ta juya wajen yara.

"Kowa ya yi shiru. Wanda ya yi tari sai na ci masa mutunci."

Aji ya yi tsit, sai ƙarar yayyafi a kan kwano. Shu'aibu na tsaye yana huci, yana jiran a gama wasan yara ya tafi. Can sai tafin ƙafarsa ya ji abin da kunnensa bai ji ba. Ya dubi ƙasa. Ya durƙusa, ya cire fitilar goshinsa, ya kwanta rub da ciki a daɓen ajin a gaban yara hamsin da biyu, ya manna kunne.

Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, jar lakar fuskarsa ce kaɗai ke da launi.

"Dantong ne," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Shi ke sara biyu ya huta. Tun da aka karya masa kafaɗa ba ya iya uku." Ya sake manna kunne. "Inna lillahi. Ai a nan muka buɗe ɗaki. Jiya muka cire ginshiƙin tsakiya, kuza ce cike da shi."

Ɗaki, a bakin masu loto, shi ne inda aka faɗaɗa rami har mutum ya iya zama ya juya. Ginshiƙi kuwa ƙasar da ake bari a tsakiya ce don ta riƙe sama. Firisila ba ta taɓa shiga rami ba, amma ta fahimci abin da aka cire jiya.

Shu'aibu ya miƙe zaune, ya dafa bencin da ya maƙale.

"Wa ke zama a nan?"

Yara suka juya gaba ɗaya suka dubi wuri guda.

"Ni ce, Baba," in ji Salma.

Mutumin ya dubi 'yarsa, ya dubi bencin. An rubuta sunanta a jikin katakon da bakin kamfas, har da ɗan zanen fure. Wata biyu yana kwance a ƙasa yana sara sama, ita tana zaune a kan abin da yake sara, da rana ta kai masa tuwo ya ce Allah ya yi mata albarka. Ya kama bencin ya fizge shi daga tsagewar, wani ɓangaren siminti ya biyo ƙafar, ƙasa ta zurara ciki da ɗan sauti kamar ana zuba gero a kwano. Ya ɗora bencin a ka.

"Ku fita," ya ce wa yaran. "Kada wanda ya yi gudu. Ku taka a hankali."

Firisila ta tsaya a tsakiya tana ƙirga kawuna suna wucewa. Rwang ya ja gefe a baranda yana ɗaga murya, yana cewa ba wanda ya ba da izini, yana cewa gobe jami'ai za su zo, yana kiran sunayen yara ɗaya-ɗaya su koma. Ba wanda ya koma. Shu'aibu ya dire bencin a gindin mangwaro, ya tsallake shingen ƙerana ba tare da ya nemi ƙofa ba, ya nufi bakin rami a guje yana ƙwala wa Dantong kira ya fito.

Hamsin da biyu. Ta sake leƙa ƙarƙashin benci don ta tabbata. Aji ya zama wayam, sai takalmi ɗaya da wata ta bari da ita kanta.

Rwang ya tafi ofis ya dawo da ambulan. Ashe tun jiya ya buga takardar, kwanan wata kawai ya cike. Ya tsaya a bakin ƙofa, gaban takalminsa mai ƙyalli daidai kan dokin ƙofa.

"Madam Firisila, kin tayar da hankalin makaranta, kin saɓa umarni. Ginin nan lafiyarsa ƙalau. Zo ki karɓi takardanki."

Tana tsaye a bayan aji, kusa da ramin da ƙafar benci ta bari. Ita ma tana jin tsoron daɓen nan kamar kowa, kuma fuskokin 'ya'yanta uku na gabanta. Ta waiga ta taga. Yara sun yi cirko-cirko a cikin yayyafi suna kallo, malamai goma sha huɗu sun fito baranda, har da na lissafi.

"To, Oga," ta ce, da muryar da take koyarwa da ita don na baya su ji. "Zan karɓa. Shigo ka ba ni."

"Ki zo nan."

"Lafiyarsa ƙalau, ka ce. Taku tara ne daga inda kake. Na ƙirga."

Ya dubi daɓen. Ya dubi tsagewar da ta taso daga bayan aji ta ratso har kusa da allo, wadda yau ne ya fara ganinta. Ya miƙa hannu da ambulan iya tsawonsa, ya ɗan ranƙwafa, ɗaya hannun riƙe da katakon ƙofa. Ƙafarsa ba ta motsa ba.

Ta bar shi a haka. Ta bar shi har yaron farko ya yi dariya a waje, har dariyar ta mutu don ba abin dariya ba ne, har hannun ya fara sauka don gajiya. Sannan ta tako a hankali ta jikin bango, ta tsinci takalmin yarinyar nan, ta zare ambulan daga yatsunsa ba ta buɗe ba.

"Taswirar Salma tana bayan kabad ɗinka," ta ce. "A kawo mini ita. Gobe ita zan koyar, ko ina ma'aikaciyarka ko ka kore ni."

Ta fita cikin yayyafi ta nufi gindin mangwaro. Can bayan shinge an kashe injin jan ruwa, ana jawo mutum da igiya. Salma na zaune a kan bencinta ita kaɗai tana kuka ba sauti, don ta san yau ba abincin da za ta kai bakin rami, gobe ma haka. Firisila ta zauna kusa da ita, ta ɗora ambulan ɗin a kan yarinyar don ya tare mata ruwa.